Ƙarin Gini a Gida: Wata Nawa Yake Ɗauka Daga Zane Zuwa Tarewa?

Duk wanda gida ya yi wa kaɗan, yana son faɗaɗa falo, ko ƙara ɗaki da banɗaki, ko ɗora bene, da ya gama tambayar kuɗi sai ya ce: "To, yaushe za a gama?" Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin masu gida. Na sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga nan. Kwanakin gini iri uku ne. Akwai kwanakin da ake aiki da hannu. Akwai na jiran dole, kamar jiran kankare ya yi ƙarfi ko jiran takardar izini. Akwai kuma waɗanda suke tafiya a banza, don ba a tsai da shawara ba ko kaya ba su iso ba. Na ukun nan ne kaɗai ke hannun mai gida, kuma su ne suka fi cinye watanni.

1. A taƙaice, wata nawa ƙarin gini yake ɗauka?

Idan ɗaki ɗaya ne ko biyu a ƙasa, a jikin gidan da ake ciki, kuma kuɗin aikin na hannu, ginin kansa yakan ci wata 3 zuwa 4, daga ranar da aka sara ƙasa zuwa ranar da fenti ya bushe. Mai hawa biyu, ko wanda ya haɗa da kicin da banɗaki, a ba shi wata 5 zuwa 7. Wannan lissafin aikin da ido ke gani ne kawai. In aka haɗa da zane, da neman izini, da neman wanda zai yi aikin, sai a ƙara wata 3 zuwa 6 kafin a fara. Don haka wanda ya ƙudura niyya yau, ya sa ran tarewa tsakanin wata 6 da shekara guda, wani lokacin har da ɗoriya.

Wannan kirdado ne na aikin da bai tsaya ba. Wanda ake yi ana hutawa sai kuɗi ya samu, lissafinsa daban ne, yana tambaya ta 14.

2. Magini ya ce mini wata 3, wani da ya taɓa yi ya ce shekara ya kwashe. Wa zan gaskata?

Dukansu suna iya zama masu gaskiya, wurin fara ƙirga ne ya bambanta. Magini yana ƙirgawa daga ranar da ya shigo da igiya da shebur, ya tarar zane na hannu, izini ya fito, yashi da bulo suna jibge. Mai gida kuwa yana ƙirgawa daga ranar da ya fara kiran mai zane har daren da aka kwana a sabon ɗakin.

Ka sake komawa wurin maginin ka tambaye shi: wata 3 ɗin nan zuwa ina? Zuwa rufi ne, ko har da fulasta da tayil da ɗaura fitilu? Sau da yawa idan magini ya ce "an gama", nasa ɓangaren yake nufi, alhali akwai masu sana'a biyar ko shida da ba su ko leƙo ba tukuna. Dubi tambaya ta 12.

3. Zanen ginin fa, me zai sa ya ci makonni? Ai ɗaki ne kawai.

Mako 3 zuwa 8 ne aka saba gani. Da farko mai zane zai zo ya auna gidan da ke tsaye, domin sabon gini a jikin tsoho zai zauna, kuma da wuya ka samu tsohon bango yana daidai da abin da ke cikin tsohon fulan, in ma akwai fulan ɗin. Sannan ya fitar da zanen farko, a duba, a yi gyara. Bayan an amince, injiniya ya lissafa zurfin harsashi, kaurin rodi, da inda ginshiƙai za su tsaya.

Abin da ke jan wannan mataki yawanci mutanen gida ne da bakinsu bai zo ɗaya ba. Ni kuma ban ɗauki wannan jinkirin a matsayin asara ba, tun ran gini ran zane. Gara a yi mako biyu ana muhawara a kan takarda da a yi ta bayan an ɗora bulo. Ga dabarar da na ga tana raba gardama: a ɗauki igiya da fegi, ko alli, a fitar da girman ɗakin a ƙasa daidai yadda yake a zane. Kowa ya shiga ya tsaya a ciki. A nuna inda gado zai zauna, inda ƙofa za ta buɗe, inda za a bi a wuce. Mita 3 a takarda da mita 3 a ƙarƙashin ƙafa ba ɗaya ba ne a ido, kuma nan take za ka ji wani ya ce, "Ashe haka ƙanƙantarsa take?" Gyaran wannan ranar goge layi ne kawai.

4. Dole ne sai na nemi izinin hukuma? Yaushe yake fitowa?

Dokar wurin da kake ita ce mai yanke wannan, saboda haka ofishin da ke kula da tsara gine-gine na yankinka ya kamata ya zama wurin zuwanka na farko, tun kafin a gama zane. Wasu ƙasashe sun yafe wa ƙaramin ƙari neman cikakken izini muddin bai wuce iyakar tsawo da faɗin da aka gindaya ba. A wasu wuraren ko katanga ce sai da takarda. Galibi abubuwa biyu ake dubawa: ko ginin ya dace da filin da unguwar, da kuma ko zai tsaya lafiya.

A Ingila, misali, doka ta ba ƙaramar hukuma mako 8 ta yanke hukunci a kan irin wannan buƙata ta mai gida, izinin kuma yawanci yana ba da shekara 3 a fara aiki a cikinsu. Abin lura shi ne, ba a fara ƙirga makonnin sai ranar da aka karɓi takardun a matsayin cikakku. Wannan darasi ne ga kowa a ko'ina: takarda ɗaya da ta yi ƙaranci tana iya mayar da kai farkon layi. Ka nemi jerin abin da ake buƙata a rubuce, ka kai su gaba ɗaya.

Masu cewa "a fara, takarda ta biyo baya" suna jefa mutum cikin haɗari. Idan aka zo aka tsayar da aiki, ramin harsashi yana buɗe, ko rodi yana tsaye a rana da ruwa, watannin da za a rasa sun ninka waɗanda aka so a tsallake. Wani lokacin ma rushewa ce ƙarshenta.

5. Ina ruwan maƙwabci da lokacin aikina?

Da ruwansa, idan bango ɗaya kuka haɗa ko za ka yi haƙa kusa da ginin nasa. A Ingila akwai dokar 1996 da ta wajabta ba maƙwabci sanarwar wata 2 kafin a taɓa bangon da aka yi tarayya a kai, da sanarwar wata 1 kafin a haƙa rami a cikin tazarar mita 3 daga gininsa idan ramin zai zarce harsashinsa zurfi. Ko inda babu irin wannan doka, ka same shi tun zane yana ɗanye. Ka nuna masa inda taga za ta kalla, inda ruwan rufi zai zuba, inda motar yashi za ta juye. Ƙorafin da aka ji tun a takarda gyaransa kwana biyu ne. Wanda ya taso bayan an kai linta yana iya tsayar da aiki sai yadda hali ya yi.

6. Yaushe zan fara neman ɗan kwangila?

Lokacin da kake jiran izini, don jira biyu su zama ɗaya. Ka ba mutum uku zane iri ɗaya, kowa ya kawo lissafinsa, abin da kan ɗauki mako 2 zuwa 4. Ka je ka ga aikin da kowannensu ya taɓa gamawa, ka tambayi mai gidan ko an cika masa alkawarin lokaci. Mai aiki mai kyau da wuya ka same shi zaune, yana iya ce maka sai bayan wata biyu ko uku. In ka gamsu da shi, jiran nasa ya fi sauƙi a kan ɗaukar wanda zai fara gobe ya ɓace a mako na huɗu saboda ya karɓi wani aikin a wani wuri.

7. Harsashi kwana nawa yake ci, kuma me ya sa ake cewa nan ne aiki ya fi ba da mamaki?

In ƙasa ta ba da haɗin kai, mako 2 zuwa 4 sun isa a fitar da layi, a haƙa, a zuba kankare, a ɗaga bulo zuwa matakin daɓe, a cike, a daddage, a yi maganin gara, a shimfiɗa ledar tare danshi, a zuba kankaren ƙasa. Amma duk sauran matakan gini ana ganinsu da ido kafin a fara. Wannan kaɗai ne ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe.

Na taɓa tsayawa a kan wani aiki, ƙarin ɗaki ɗaya a bayan gida. Kwana na biyu da fara haƙa, lebura ya kai diga sai muka ji ƙarar ta canza, kamar an bugi ganga. Da aka share ƙasar sai ga murfin tsohon ramin sokawe, an daina amfani da shi shekaru, mai gidan ma bai san da shi ba, a haka ya sayi gidan. Daidai kusurwar da ginshiƙi zai tsaya yake. Sai da aka kira injiniya, aka kwashe ramin, aka cike shi hawa-hawa ana daddagewa, aka sake lissafin harsashin wannan kusurwar. Aikin mako biyu ya koma biyar, kuma babu wanda za a ɗora wa laifi.

Irin abin da ake tararwa ke nan: ƙasar cike wadda ba ta ɗaukar nauyi, laka mai kumbura da ruwa ta tsuke da rani, dutse, ruwan da ke tasowa daga ƙasa, bututun ruwa ko wayar wuta da suka ratsa ta wurin, saiwar babbar bishiya. Ramin gwaji ɗaya ko biyu da aka haƙa tun lokacin zane, ɗaya a jikin tsohon bango don a ga zurfin harsashinsa, yana rage wannan mamakin. Aikin yini ɗaya ne.

8. Gaskiya ne sai kankare ya yi kwana 28? Aiki zai tsaya ke nan wata guda?

Kwana 28 gaskiya ne, amma ba tsayawar aiki yake nufi ba. Mutane da yawa suna zaton kankare bushewa yake yi kamar laka. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa, a cikin wannan haɗuwar ƙarfi ke ginuwa a hankali. A kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 kuma ake auna ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi. Shi ya sa ake ban-ruwa aƙalla kwana 7, ko a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko leda. Kankaren da rana ta shanye wa ruwa a kwana biyun farko ba zai taɓa kai ƙarfin da ya kamata ba, ko da ya shekara.

Abin da ake jira ya danganta da inda kankaren yake. Na harsashi, bayan 'yan kwanaki ana iya fara ɗora bulo a kai. Katakon gefen ginshiƙi ko na linta ana cire shi bayan kwana 1 ko 2. Amma tokaran da ke riƙe da dakin, wato shimfiɗar kankaren da ake zubawa a saman ɗaki, daga ƙasa, su ne ba a wasa da su: mako 2 zuwa 3 gwargwadon faɗin ɗakin, kuma injiniya ne zai ce a cire, ba kafintan da ke son katakonsa don wani aikin ba. Haka nan kada a jibge ɗaruruwan bulo a tsakiyar sabon dakin don a rage wa leburori wahala. Wannan jiran ina roƙon kowane mai gida ya bar shi yadda yake, domin rayukan iyalinsa ne za su kwana a ƙarƙashin wannan kankaren.

9. Ɗaga bango da yin rufi fa?

Nan ne aiki ke faranta rai, kullum ka dawo ka ga an ƙaru. Ga gini na ƙasa, mako 3 zuwa 5 daga bulon farko zuwa kwanon ƙarshe. Duk da haka bango yana da iyakar abin da ake ɗaga masa a yini, kamar mita ɗaya da rabi, don kada nauyin sama ya matse ɗanyen simintin da ke ƙasa. Wuri biyu ne suka cancanci a ɓata musu lokaci: inda sabon bango ya haɗu da tsoho, da inda sabon rufi ya haɗu da tsohon. A na farko ake samun tsagewa, a na biyu ake samun yoyo. Ko yini biyu kafinta ya nema a kan wannan mahaɗar, a ba shi.

10. Ɗora bene a kan gidan da nake ciki ya fi sauri, tunda ba sai an yi harsashi ba?

Yawanci bai fi ba. Kafin komai sai injiniya ya tabbatar tsohon harsashi da bangaye za su ɗauki ƙarin nauyi, kuma gidan da aka gina don hawa ɗaya sau da yawa ba zai ɗauka ba sai an ƙarfafa shi, ko an dasa sababbin ginshiƙai daga ƙasa. Sannan a yaye rufi, a yi dakin, a jira shi kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 8, a gina matakala, wadda ita ma za ta ci wani yanki na ƙasan gidan. Wata 5 zuwa 8 ya fi kusa da gaskiya. Ga shi kuma akwai makonnin da gidan zai zauna babu rufi, abin da ya sa zaɓen lokacin farawa (tambaya ta 16) da batun tashi daga gidan (tambaya ta 17) suka fi nauyi a irin wannan aikin.

11. Yaushe ake fasa bangon da zai haɗa sabon ɗakin da tsohon gida?

A jinkirta shi iyakar iyawa, sai an yi rufi an sa tagogi da ƙofar waje, yadda gidan ba zai zauna a buɗe ga ƙura da ruwa da ɓarayi ba. Fasawar kanta kwana 2 zuwa 5 ce. In bangon yana ɗauke da nauyi, sai an tokare sama, an saka linta ko ƙarfen da injiniya ya ƙayyade, kafin a cire bulon ƙasa.

12. An yi rufi cikin sauri, yanzu kuma aiki na tafiyar hawainiya. An yaudare ni ne?

Ba lallai ba. Ranar da aka buga kwanon ƙarshe, kusan rabin lokacin ne ya tafi, wani lokacin ma bai kai ba. Kafin rufi, ƙungiya ɗaya ce ke aiki, birkila da leburorinsa da kafinta. Bayan rufi kuwa layi ake bi, kowa yana jiran na gabansa. Mai wayarin da falamba su fasa bango su binne bututunsu. A sa firam ɗin ƙofofi da tagogi. A yi fulasta. A yi silin. A yi daɓe, a sa tayil. Mai fenti ya shigo. Sannan mai wayarin ya dawo ya ɗaura soket da makunni da fitilu, falamba ya dawo ya ɗaura famfo da abin wanke hannu. In mutum ɗaya a layin nan ya saɓa alkawari da kwana uku, na bayansa ya riga ya tafi wani aikin, sai ka jira shi mako guda. Haka kwana uku ke zama kwana goma.

Abu na biyu shi ne kayan da ake yi bisa awo: tagogin alminiyam ko gilashi, ƙofar ƙarfe, kabad ɗin kicin. Waɗannan suna iya ɗaukar makonni kafin su iso, kuma ba a fulasta da kyau sai firam ya zauna. Da zarar an kai linta, girman kowace taga ya tabbata, a auna a ba da aikinsu a ranar. Tayil da fenti da kayan banɗaki kuma a zaɓe su tun ana harsashi. Mako 6 zuwa 10 ne wannan zangon ke ci idan an yi haka. In ba a yi ba, ba shi da iyaka.

13. Me ya sa mai fenti ya ce in jira, alhali fulasta ta bushe a ido?

Ka gode masa, mai gaskiya ne. Fulastar siminti tana bushewa a fuska alhali cikinta da ruwa, kuma sabon siminti yana da kaifin da ke cin fenti. An fi so a ba ta kamar mako 4. Wanda ya yi gaggawa zai ga sakamakon bayan 'yan watanni: fenti ya kumbura kamar ƙuna, ka taɓa da yatsa ya ɓare, ga farin gari kamar gishiri yana fitowa daga ƙasan bango. Gyaransa sai an kankare an sake, kayan ɗaki kuma suna ciki.

Daɓen siminti ma haka. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce milimita 1 a kowace rana ga daɓen da kaurinsa bai wuce milimita 40 ba, wanda ya fi haka kauri kuma ya fi jinkiri. Tayil yakan jira kamar mako 3, amma katako ko shimfiɗar roba suna son bushewa sosai. Akwai gwaji mai sauƙi: ka yanki leda mai faɗin kamu biyu, ka manne gefunanta huɗu a kan daɓen da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, da sauran ruwa. Buɗe tagogi iska ta ratsa shi ne taimakon da za ka iya yi.

14. Kuɗina ba su cika ba. Zan iya yi kaɗan-kaɗan?

Ana yi, mutane da yawa ma haka suke gina nasu. Sai dai a san inda ake tsayawa. Wuraren hutu masu aminci uku ne: bayan an zuba kankaren ƙasa, bayan an yi rufi, da bayan an sa ƙofofi da tagogi. Munanan wuraren tsayawa su ne ramin harsashi a buɗe, wanda ruwa zai cika ya zaizaye har ya taɓa tsohon gini, da katakon rufi da aka kafa ba a rufe ba, da bangon gida da aka fasa ba a toshe ba.

Kada ka tara siminti da yawa don gudun tashin farashi in ba ka da ranar amfani da shi. Yana shan danshin iska ko a cikin buhu, an fi so a yi amfani da shi cikin wata 3, wanda ya fara dunƙulewa kuma ya riga ya rage ƙarfi. Ka kuma sani cewa duk tsayawa tana da kuɗin tashi: ma'aikata sun watse, sai an sake tara su, wani lokacin sabon magini ya zo ya ce sai ya gyara aikin na baya. In da hali, gara a jinkirta farawa da wata shida a tara abin da zai kai rufi a zama ɗaya.

15. In na canza ra'ayi a tsakiyar aiki, kwana nawa zai ƙara?

Ya danganta da lokacin da ka faɗa. Matsar da taga kafin a kai wurinta, magana ce ta minti biyar. Bayan an zuba linta, kwana uku ne ko huɗu. Ƙara soket kafin fulasta ba komai ba ne, bayan fenti kuwa sai an fasa, an toshe, an jira ya bushe, an sake fenti, mutum uku za a kira. Matsar da banɗaki bayan an binne bututu a ƙarƙashin daɓe yana iya cin mako biyu ko uku. Canjin da ya taɓa girman gini ko tsayinsa kuma yana iya mayar da kai ofishin izini (tambaya ta 4).

A ganina wannan ne babban ɓarawon lokaci, ya fi ruwan sama, ya fi saɓa alkawarin ma'aikata. Kuma ba ya zuwa da girma, da "ɗan ƙara mini nan" yake zuwa, sau goma. Duk canjin da za ka nema, ka sa a faɗa maka kwanakin da zai ƙara kafin a taɓa komai, a rubuta. Da yawa daga cikinsu da kanka za ka janye in ka ji lissafin.

16. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa a fara?

A tsara yadda haƙa da kankare da rufi za su faɗo a lokacin da ruwan sama ya fi ƙaranci a inda kake, aikin ciki kuma ya faɗo lokacin ruwa. Ruwa mai ƙarfi yana rusa gefen rami, yana wanke fuskar sabon kankare, yana hana mota shigowa da kaya. A ƙasashen sanyi ba a son zuba kankare idan awon yanayi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius sai da tanadi na musamman, domin in ruwan cikinsa ya daskare ya lalace. Tsananin zafi da busasshiyar iska su ma suna da nasu: suna shanye ruwan kankare da na fulasta da wuri har su tsattsage, sai a riƙa zubawa da sassafe ko da yamma, a ninka ban-ruwa. Ka lissafa da ranakun hutu da bukukuwan da ma'aikata za su yi tafiya.

17. Mu zauna a gidan ana aiki, ko mu tashi?

In ƙarin a gefe ne ko a baya, kuma ma'aikata suna da hanyar shiga ba ta cikin gida ba, ana iya zama har zuwa lokacin fasa bango. Aiki ya fi sauri a gidan da babu kowa, tunda ba a jiran a tashi daga barci, ba a maido da ruwa da wuta kowace yamma, ba a share hanya kullum. In za a yaye rufi, ko za a taɓa kicin ko banɗaki ɗaya tilo, ko akwai jariri, tsoho, ko mai ciwon asma a gidan, a tashi na waɗannan makonnin. Ƙurar siminti da ta yankan tayil tana shiga ko'ina, kuma tana cutar da huhu. Masu yara ƙanana su killace wurin aikin da shinge na gaske, saboda rami da rodin da ke tsaye da durom ɗin ruwa.

18. In na ƙara yawan ma'aikata, lokacin zai ragu?

A wasu wurare. Haƙa, ɗaukar kaya, da ranar zuba dakin, wadda ake so a gama a zama ɗaya, duk suna son hannu da yawa. Amma ɗaki mai mita 4 ba zai ɗauki masu tayil shida ba, kuma ko mutum ɗari ka tara ba za su rage wa kankare kwana ɗaya ba. Abin da ya fi yawan hannu amfani shi ne mutum ɗaya tsayayye da ke riƙe da jadawalin, yana kiran falamba tun mako guda kafin ranarsa, yana duba yashi zai kai jibi ko ba zai kai ba.

19. Me zan rubuta a yarjejeniya game da lokaci, kuma yaushe zan ce an gama?

A rubuta ranar farawa da ranar gamawa, a kuma raba tsakaninsu zango-zango: harsashi, linta, rufi, fulasta, kammalawa, kowanne da ranarsa. Biyan kuɗi ya bi zangon da aka gama aka duba, kada ya bi kalanda. A fayyace abin da zai halatta ƙarin lokaci, kamar ruwan sama mai hana aiki, abin da aka tarar a ƙasa, ko canjin da kai ka nema. Kai ma a rubuta naka nauyin: ranar da za ka biya, da ranar da za ka kawo abin da ka ce kai za ka saya. A kan ranar da aka ba ka, ka ƙara wa kanka kamar kashi ɗaya cikin biyar na lokacin a zuci, kada ka ɗaura wani babban al'amari, kamar saukar baƙi ko sakin gidan haya, a kan ainihin ranar.

Kafin biyan ƙarshe, ka zaga da takarda da biro da rana tsaka, lokacin da haske ke nuna komai. Buɗe kowace ƙofa da taga ka rufe. Kunna kowane makunni, gwada kowane soket. Sake ruwa a banɗaki ka ga ko yana gangarawa magudana ko yana kwanciya a kusurwa. Ƙwanƙwasa tayil da bayan makulli, wanda ya yi ƙarar fanko bai kama ba. Gyaran abin da ka rubuta yakan ɗauki mako 1 zuwa 2. Inda doka ta tanadi duban ƙarshe na hukuma da takardar shaidar kammalawa, ka karɓe ta ka adana, za a neme ta ranar sayar da gida.

A yarjejeniyoyin gini da yawa ana riƙe wani ɗan kaso na kuɗin, sau da yawa kashi 5 cikin 100 ko ƙasa da haka, na tsawon wata 6 zuwa 12, don gyaran abin da zai bayyana daga baya. Dalilinsa shi ne sabon gini yana ci gaba da bushewa da zama a shekararsa ta farko. Siririyar tsaga kamar gashi a fulasta, musamman a mahaɗar sabo da tsoho, abu ne da aka saba gani, ana cike ta a shafe. Wadda ke ƙara faɗi, ko ta bi bulo kamar matakala, ko ta sa ƙofa ta fara cijewa, a kira injiniya ya gani. Rufin kuma ba za ka san gaskiyarsa ba sai ruwan sama mai iska ya sauka a kansa, don haka ranar da aka yi na farko, ka ɗauki tocila ka duba silin ɗin da ke ƙarƙashin mahaɗar rufin biyu.